Dabarun Majigi da Ladan Masu Yin Su

A Gidimuni ta ƙasar Nijar, sa'ad da masu lambun bakin tabki suka bar aikin rake da dabino suka taru gaban talabijin bayan sallar isha'i, sau da yawa akan ji jama'a sun ɗauki salati idan boka ya ɓace a cikin fim, ko aljani ya keto bango ya fito. To, ya kamata mai hankali ya sani babu sihiri a cikin wannan al'amari, sana'a ce mai ƙa'idoji, wadda ake koyo a hannun gwanaye, har a shirya taro musamman domin girmama wanda ya fi iyawa.

Asalinta yana komawa ga wani Bafaranshe mai rufa-ido, Georges Méliès, wanda ya gano a wajen 1896 cewa in aka tsayar da na'urar ɗaukar hoto, ɗan wasa ya kauce, sa'an nan aka ci gaba da ɗauka, mai kallo zai rantse mutumin ɓacewa ya yi. A zamaninmu kuwa akan tsayar da ɗan wasa gaban koren ƙyalle, kwamfuta ta shafe launin nan, ta maye gurbinsa da teku ko gobara ko rundunar mayaƙa. Kuma da yake daƙiƙa guda ta fim tana ɗauke da hotuna 24, kowanne sai an bi shi da haƙuri an gyara haskensa da inuwarsa.

Alhali kuwa alamar ƙwarewa a wannan fanni ita ce kada a gane hannun mai aikin, saboda haka ɗan wasa ya kwashe yabo, mai dabara ya zauna a ɓoye. Wannan ita ce hikimar tarukan ba da kyauta, irin wanda ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka take yi tun 2003, da gasar finafinai ta AMAA da aka fara a Nijeriya a 2005, wadda ita ma ta ware wa fannin lambarsa. A gasar Oscar har akan tara ma'abota sana'ar, a nuna musu yankunan finafinan da ke takara, masu aikin su tashi su yi bayanin yadda suka ƙulla abin, domin gwani ne kaɗai ke sanin wahalar da gwani ya sha.

Kada kuma a zaci Nijar baƙuwa ce a wannan fage. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya fara da wasan inuwa tun yana yaro, ya zana kwaɗi da hannunsa ya sa su motsi a majigi, fim ɗinsa La Mort de Gandji ya sami kyauta a wani biki da aka yi a Dakar a 1966, daga baya ya zauna a Tawa yana koyar da matasa, har Allah ya yi masa rasuwa a 2015.

Fa'idar sanin wannan duka ta wuce nishaɗi, gama dabarar da a da sai manyan kamfanoni yau ta shigo wayar hannu, ana iya haɗa wa malami ko sarki hoto da muryar abin da bai taɓa faɗa ba. Addini ya umurce mu da bin diddigin labari kafin gaskatawa, wanda kuwa ya san yadda ake ƙera hoto ba zai yi gaggawar tura wa ɗan'uwansa ƙage ba.