3.2 Tara Ruwan Indararo Don Lambun Gida da Ciyar da Rijiyoyi a Arewacin Zamfara

Ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna arewacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996. Damina a wannan yanki takan kankama ne daga watan Yuni zuwa Satumba, sannan rani ya biyo baya na kusan wata bakwai. A lokacin bazara gulaben Gagare da Bunsuru kan koma yashi, rijiyoyi su ja baya, magidanta su koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Duk da haka, ruwan da ke sauka a kan rufin gidaje da damina yana da yawa, sai dai yakan bi ta indararo ya kwarara titi ya haddasa zaizayar ƙasa.

3.2.1 Yawan Ruwan

Idan aka yi ruwan sama na milimita 1 a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 1, za a sami lita 1. Wato ke nan ɗakin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, a shekarar da aka sami milimita 700, zai karɓi lita 35,000. In aka cire kashi ɗaya cikin biyar saboda asara, saura lita 28,000, kwatankwacin duro 140.

3.2.2 Lambun Gida

Akan haɗa indararo da bututu zuwa tanki mai murfi, domin hana sauro hayayyafa. Ruwan farko akan bar shi ya zube, saboda yana ɗauke da ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Alal misali, idan lambu mai murabba'in mita 10 yana shan lita 50 a kullum, tankin lita 5,000 zai shayar da alayyahu da yakuwa da tumatir har kwana 100.

3.2.3 Mayar da Ruwa Ƙasa

Tankin nan ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin biyar na ruwan rufin ba. Don haka ragowar sai a karkata ta zuwa rami da aka cika da tsakuwa da yashi, ta yadda za ta tsuma a hankali ta ciyar da rijiya. A Shinkafi, inda ƙasa ke da yashi mai zurfi, ruwa kan nitse da sauri. A Ƙauran Namoda kuwa dutse ne a ƙarƙashi, ruwa na taruwa ne a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa kawai.

Wajibi ne ramin ya nisanci katangar ƙasa don kada ta jiƙe ta zabtare, ya kuma nisanci salga da kamar mita 30. In ba haka ba, ƙazanta za ta bi ruwan zuwa rijiyar da iyali ke sha.