Ciwon Sukari Da Direbobin Manyan Motoci A Hanyoyin Abuja

Duk wanda ya bi hanyar Lokoja da dare, ya ratsa Abaji da Gwagwalada har ya kai Zuba, ya san cewa bayan sallar isha'i titin na manyan motoci ne. Tireloli da tankokin mai ke bin juna, waɗansu daga Ikko za su Kano, waɗansu kuwa a kasuwar Dei-Dei za su sauke. Akan duba birki da taya, amma ba safai akan tambayi lafiyar wanda ke riƙe da sitiyari ba.

Zaman direba kuwa zama ne mai jawo ciwon sukari. Yini guda yana zaune, abincinsa shayi mai kauri da burodi da lemon kwalba, barcinsa rabi da rabi. Ciwon kan daɗe a jiki mai shi bai sani ba, sai ƙishirwa da yawan fitsari, shi ko ya ɗora wa zafin rana. A hankali yakan lalata jijiyoyin ido, ya kuma kashe tafin ƙafa har mutum ya kasa jin yadda ya taka birki.

Amma abin da likitoci suka fi tsoro a kan hanya shi ne faɗuwar sukari, ba hawansa ba. Wanda ke yin allurar insulin, ko yake shan irin ƙwayar nan glibenclamide, in ya sha magani bai ci abinci ba, sukarin jininsa na iya sauka ƙasa da 4 a na'urar awo. Sai gumi da karkarwa, gani ya dushe, hankali ya rikice, wani ma ya suma. To, a dubi mota mai tan 30 tana gangara, mai tuƙa ta bai san inda yake ba. Mai shan metformin kaɗai da wuya wannan ya same shi, don haka ba daidai ba ne a yi wa masu ciwon kuɗin goro.

A Ingila da Amurka an daɗe ana hana masu allurar insulin tuƙin babbar mota. Ingila ta sassauta a 2011, Amurka ta bi a 2018, bisa sharaɗin likita ya riƙa duba direba kowace shekara. Shawarar da ake ba direba a Ingila ita ce ya auna jininsa kafin ya tashi, ya sake bayan kowane awa 2. In sukari ya faɗi, ya tsaya, ya kashe mota, ya sha abu mai zaƙi, sa'an nan ya dakata minti 45 bayan ya dawo daidai.

A nan gida, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma hedkwatarta ke Abuja, tana neman takardar likita daga mai son lasin tuƙin haya. Sai dai takarda ta rana ɗaya ce, ciwo kuwa na kullum. Ga kuma tsoro: direban da ya san maigida zai karɓe makulli in ya ji labari, lalle zai ɓoye. Nan ne ƙungiyoyin NARTO da NURTW ke da abin yi, watau su kai awon jini tasha, su kuma tsaya wa wanda aka samu da ciwon ya riƙe motarsa muddin yana ganin likita. Asibitin koyarwa na Gwagwalada bai da nisa da wannan hanya.