Ba Ƙwaƙwalwa Suke Wasawa Ba, Majalisa Suke Nema

A 2019 ƙungiyar AARP, mai kula da al'amuran waɗanda suka kai shekara 50 zuwa sama a Amurka, ta ce mutum miliyan 50.6 daga cikinsu suna wasan bidiyo, alhali a 2016 miliyan 40.2 ne. Ƙarin mutum miliyan goma ke nan cikin shekara uku. Adadin bai dame ni ba, fassarar da ake yi masa ce ke ba ni haushi. Kusan duk rahoton da ka ɗauka waƙar ɗaya ce: wai tsofaffi sun gano maganin mantuwa, suna wasa don su wasa ƙwaƙwalwa. Sai a maƙala hoton Hamako Mori, tsohuwar 'yar wasan nan ta Japan da kundin Guinness ya karrama a 2020 tana da shekara 90, a rufe magana. Ni a ganina an kama reshe an bar tushe. Abin da ke kai dattijo cikin ƙungiyar 'yan wasa ta intanet shi ne abin da ke kai takwaransa na Kano ko Damagaram gindin bishiya bayan la'asar.

Kafin nan, akwai wani ɓangare na adadin da ba ya buƙatar dogon nazari. Injin wasa na Atari 2600 ya fito a 1977, wasan Pac-Man a 1980. Yaron da yake shekara 15 a lokacin yanzu ya kai 60 ko ya haura. Bai koyi wasa da tsufa ba, furfura ce ta iske shi yana yi. Ita kanta Mori tun farkon shekarun 1980 ta fara. Sannan mafi yawan waɗannan miliyoyin a wayar hannu suke buga karta ko wasan haɗa kalmomi, su kaɗai. Waɗanda nake magana a kansu su ne masu neman ƙungiya, su yi rajista, su riƙa hallara a kan lokaci kamar masu zuwa aiki.

Me ya sa? A watan Mayu na 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba a ƙasar, har ya kwatanta illarsa da shan karan sigari 15 a rana. Birtaniya ta naɗa minista kan kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Ƙasar da sai gwamnati ta buɗe ofishi don mutane su sami abokin hira, ai ka san wani abu ya rushe. Mutum ya yi ritaya, abokan aiki sun watse, 'ya'ya suna wani gari, matar ko mijin ya riga mu gidan gaskiya, gwiwa ba ta barin fita, maƙwabci kuwa ko sunansa bai sani ba. Ba banza ba ne ƙungiyar Matagi Snipers, ta 'yan wasa dattawa, ta fito a 2021 daga lardin Akita, inda kason tsofaffi ya fi na ko'ina a Japan.

Kiran waya ba ya cike wannan giɓin, domin bayan gaisuwa da tambayar jiki sai magana ta ƙare. Wasa kuwa yana ba mutum uzurin zama. Dubi masu dara: gurbi talatin a ƙasa, wannan da tsinke goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, 'yan kallo sun kewaye suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Wa zai ce don cin dara kaɗai ake zuwa? A nan ake jin wanda bai da lafiya, da wanda zai aurar da 'ya, da farashin taki. Haka daren farmaki yake a wasa irin World of Warcraft, wanda ke nan tun 2004. Mutum ashirin sun haɗu ƙarfe takwas, kowa da abin magana a kunne, suna hira ta manhajar Discord. Kafin a shiga kogon dodo wani ya ce a jira shi ya sha maganin hawan jini, wata ta ce jikanta ya farka. Idan mai warkar da 'yan tawaga bai zo ba, tafiyar ta lalace, don haka sai an neme shi. Wannan neman shi ne abin da mai ritaya ya rasa: wurin da za a lura idan bai zo ba.

To me ya sa sai ƙungiyar sa'anni? Saboda filin kowa da kowa babu kunya a cikinsa. Dattijo ya yi jinkirin danna maɓalli da rabin daƙiƙa, yaron da bai kai jikansa ba ya surfa masa ashar. Shi ya sa ƙungiyoyi irin The Older Gamers, wadda aka kafa a Ostireliya a 2002, suka sa ƙa'idar shekaru da ta ladabi. (Abin dariya, tsufa a wurinsu daga shekara 25 yake farawa.) Hannu ba ya sauri kamar da, amma akwai haƙuri da iya tsara dabara. Silver Snipers na Suwidin, da suka fito a 2017 suna buga Counter-Strike, ƙaraminsu ya haura 60, babbansu ya haura 80. Sai dai su kamfanin Lenovo ne ya ɗauki nauyinsu, wato talla ce, kuma talla ba ta nuna wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki.

Masu batun ƙwaƙwalwa ba a iska suke magana ba, a ba su haƙƙinsu. A 2013 mujallar Nature ta buga binciken Adam Gazzaley na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko, inda 'yan shekara 60 zuwa 85 da aka horar da wasan NeuroRacer suka ƙara iya haɗa aiki biyu a lokaci guda. Amma wannan wasa ne da aka ƙera a ɗakin bincike don wannan manufa, ba wanda ake saya a kasuwa ba. Da kamfanin Lumosity ya shiga tallar cewa wasanninsa na kare mutum daga ruɗewar tsufa, hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa ya biya dala miliyan 2 a 2016 saboda ba shi da hujja.

Illar da aka fi ambata ita ce jarabar wasa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtuka a 2019. Gaskiya ne, zama wuri ɗaya awa biyar ba alheri ba ne ga mai ciwon suga. Amma abin da ya fi tsorata ni aljihu ne. Mai fansho yana da lokaci, yana da katin banki, kuma wasannin zamani an gina su ne a kan sayayya kaɗan-kaɗan da ba ta ƙarewa. A 2022 kamfanin Epic Games, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520, kusan rabinsu don mayar wa mutanen da aka yaudara suka sayi abin da ba su yi niyya ba. Ga kuma 'yan damfara, waɗanda suka san mai kaɗaici saurin yarda gare shi: hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai 'yan sama da shekara 60 sun kai ƙarar asarar dala biliyan 3.4 ta intanet. Ba duka ta hanyar wasa ba, amma ƙofar ɗaya ce, baƙo mai daɗin baki da ya san lokacin da kake hallara.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: wannan majalisar a filin wani take. Bishiyar dara ba mai tsinke mata wuta, amma wasa kamfani ne ke riƙe da shi, ranar da riba ta ja baya sai ya rufe. A 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe wasan The Crew, har waɗanda suka saya da kuɗinsu suka kasa buɗe shi. Kafin nan, a 2012, da kamfanin NCSoft ya sanar zai rufe wasan City of Heroes bayan shekara takwas, 'yan wasan sun yi dafifi a dandalin birnin na cikin wasa, kowa riƙe da wutar jiniya, suna roƙon a fasa. An rufe a ƙarshen Nuwamba. Wasu daga cikinsu suka ci gaba da tafiyar da shi a ɓoye a kan nasu injinan, sai a farkon 2024 kamfanin ya ba su izini a rubuce.