Mazubin fanko da ya cinye terabait 77

A watan Disamba na 2021 Jami'ar Kyoto da ke Japan ta yi asarar fayiloli kimanin miliyan 34, wato terabait 77 na aikin masu bincike, kuma har yau in an tuna labarin sai a ce babbar kwamfuta ce ta samu matsala. Kwamfutar kuwa lafiyarta lau. Kamfanin HPE ne ya sauya wani ɗan rubutun umarni na Bash yana tsakiyar aiki, mazubin da ya kamata ya ɗauki sunan wurin da za a share ya zo fanko, umarnin sharewa ya afka wa ajiyar masu bincike. Irin haka ta faru da manhajar Steam a Janairun 2015, inda mazubi fanko ya sa umarnin sharewa na rm ya fara shara daga tushen ajiya.

Ɓarnar duka biyu ta faru ne wajen miƙa wa umarni abin da zai yi aiki a kai. Mai rubutu yakan ɗaure umarnai a ƙulli guda don ya riƙa kiransa duk lokacin da ya so, sai ya zuba zaɓuɓɓuka da sunayen fayil cikin jimla ɗaya ya miƙa masa. Amma tun manhajar umarni ta Stephen Bourne ta 1979, duk inda aka ga tazara nan ake yanka kalma, fayil mai suna "rahoton watan Mayu" ya koma fayiloli uku. Maganin bai da tsada. A miƙa da "$@" cikin alamar zance, kowane zaɓi ya isa yadda aka aiko shi. A sa -- kafin sunayen fayil don kada a ɗauki suna mai farawa da karan ɗori a matsayin zaɓi. A sa set -u don aiki ya tsaya in an kira mazubin da ba a kafa ba.

Wasu za su ce a bar Bash a koma Python. Ai wanda bai duba abin da yake miƙawa a nan ba, a can ma ba zai duba ba, ga shi kusan kowace na'urar Linux da Bash take zuwa. Ciwon na raini ne. Brian Fox ya fitar da Bash a 1989, Chet Ramey yake kula da shi fiye da shekara talatin, kuma ɓarakar Shellshock ta yi shekara 25 a ɓoye a cikinsa kafin Stéphane Chazelas ya gano ta a 2014. In uwar manhajar ta daɗe haka da ɓaraka a cikinta ba a gano ba, ina ga rubutun layi ashirin da wani ma'aikaci ya bari a ofis? Shugabannin sashen kwamfuta a jami'o'i da bankuna su daina barin rubutun da ke da ikon sharewa ya fara aiki ba tare da mutum na biyu ya karanta shi ba. Manhajar ShellCheck ma kyauta ce, kuma tana nuna wurin da aka manta alamar zance tun kafin a kunna rubutun.