Bolar Yau Ba Jujin Jiya Ba Ce

Shekaru aru-aru birnin Kano yana ciyar da gonakin da ke kewaye da shi da shararsa. A da, da rani masu jakuna kan shigo da itace da kara daga ƙauyuka, su koma da mangala cike da taki: tokar murhu, kashin awaki, ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida. Michael Mortimore, masanin nan ɗan Ingila da ya daɗe yana nazarin noma a karkarar Kano, ya nuna cewa wannan taki na cikin abin da ya sa ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Juji a lokacin dukiya ne, domin kusan duk abin da ke cikinsa daga ƙasa ya fito, ƙasa kuma ba ta ƙin kayanta.

A cikin gida ma haka abin yake. Ƙanzo a shanya a yi kwaɗo, ƙasari da dusa a ba dabbobi, ƙwarya ta tsage a kai wa gyartai, in ta fi ƙarfin ɗinki ta zama sakaina. Da kayan zamani suka iso ba su tsira ba: gwangwanin madara ya koma fitila, tayar mota ta koma takalmi, tiyub ya zama guga. Saboda haka duk mai son ya koya wa Bahaushe sake amfani da tsohon kaya ya makara. Inda gizo ke saƙar shi ne, kayan sun sauya, hannunmu bai sauya ba. Yadda kakanninmu suka riƙi ƙwarya da toka, haka muke riƙon leda da batir da jarkar maganin feshi.

Leda kowa ya ga aikinta. Tana cikin takin da ake kaiwa gona, tana toshe kwata har ruwan sama ya rasa hanya sai cikin gidaje, mahauta kuma suna ciro ta dunƙule a tumbin shanu da awakin da suka rame ba a san dalili ba. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, Nijar ma ta yi doka a 2014, ko da yake wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san doka daban, aiki da ita daban. Kafin hukuma ta yi nata, akwai ɗabi'a guda da za a iya bari yau: hura gawayi da leda ko guntun roba. Wuta na kamawa da sauri, gaskiya ne, amma hayaƙin a madafa yake tsayawa, inda mai girki take da goyo a bayanta.

Sai dai leda, duk da yawanta, ba ita ce ta fi ban tsoro ba. Batir ya fi ta. Tun da wutar lantarki ta zama sai an ga dama, gidaje da shaguna da yawa sun koma sola, kuma galibin manyan baturan da ake haɗawa da ita irin na mota ne: farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Shekaru kaɗan batirin zai daina riƙe caji, mai shi ya sayar wa ɗan gwangwan. Daga nan fa? Sau da yawa a tsiyaye ruwan a ƙasa, a fasa akwatin da gatari, a ciro dalmar a narka a fili, wani lokaci a tsakiyar unguwa. Ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa, ruwan sama kuma ba ya gamawa da ita. Tana zama a turɓayar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

An ga ƙarshen irin wannan a Thiaroye-sur-Mer, wata unguwa a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, inda mutane suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin fasa batura suna tsintar dalma don sayarwa, har suna kai ƙasar cikin gidajensu. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu. Mu a nan ba baƙin wannan guba ba ne. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake a can daga dutsen zinare da ake daka a gida ta fito. Yaron da bai mutu ba ma yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Don haka mataccen batir ba kujerar zama ba ne a zaure, ba kuma abin tokare ƙofa ba. A miƙa shi a rufe yadda yake, da ruwansa, ga dilan da ke karɓar tsoho a ba da sabo. In kuma ana fasa batura a unguwa, magana ce ta mai unguwa da hukumar muhalli, ba ta kawaici ba.

Dalmar nan tana da wata ɓarauniyar hanya ta komawa gida. Tukwanen da maƙera ke zubawa daga tarkacen alminiyom sana'a ce mai kyau, ta rufa wa dubban mutane asiri. Amma wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano dalma na fita daga jikinsu in an dafa abu mai tsami, saboda ana haɗa kayan inji da na lagireto a narka tare. Mu kuwa ga tsamiya, ga yakuwa, ga zoɓo. Gyaran yana hannun maƙeri: ya zaɓi abin da yake zubawa a wuta.

Jarkar maganin feshi kuwa ba ta da uzuri ko kaɗan. Tana da kyau, tana da murfi mai ƙarfi, shi ya sa ake ganin asara ce a jefar. Sai ka tarar da ita da ruwan sha a gona, ko da man gyaɗa, ko nono. Roba tana shan maganin, sabulu da toka ba sa fitar da shi duka. Abin da masana aikin gona ke koyarwa shi ne a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, sannan a huda ta yadda ba wanda zai sake sha'awarta. Hudawar ita ce muhimmiya, don in ka jefar da ita lafiya lau, gobe tana kasuwa.

Robobin lemo da ake zuba zoɓo da kunun aya ba su kai waɗannan haɗari ba. Abin tambaya shi ne daga ina aka tsinto su, da wane ruwa aka wanke, kuma a daina zuba musu abu mai zafi.

Duk wannan kaya ta hannun 'yan jari-bola yake bi. Ana yawan zarginsu da ɗauke-ɗauke, wani zargin kuma da gaskiyarsa, amma ba don su ba da ƙarfe da gwangwani da fasassun bokitai sun binne mu. Su ne ke kai wa masu sikeli, daga nan a niƙa roba a sayar wa masana'antu ta dawo buta ko baho. Gwangwanin alminiyom da aka sake narkawa yana cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo. Da yawan 'yan jari-bolar nan yara ne, hannu ba safa, ƙafa sai silifa. Uwargidan da ta ware buhu guda don roba da gwangwani ta hutar da yaro tonon bola, ta kuma samu ɗan canji. Reza da allura da fasasshiyar kwalba a zuba su cikin gwangwani a matse bakinsa kafin a fitar.

Sauran ƙananan kaya ma kowanne da halinsa. Batirin waya ko na fawa bank da ya kumbura yana iya kamawa da wuta in an huda shi ko an jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Dogon ƙwan lantarki da ɗan'uwansa mai murɗe suna ɗauke da sinadarin makuri, in sun fashe a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe da kwali ba da hannu ba. Ragowar magani da ya wuce wa'adi a tambayi mai kemis ko asibiti yadda za a yi da shi. In dole sai bola, a ɓare ƙwayoyin a cakuɗa da ƙasa ko toka a ƙulle tam, don yaro in ya ga ƙwaya ja da ruwan ɗorawa a cikin shara, alewa yake gani.