Sayen Gida A Ƙauyen Ingila: Inda "Na Sallama" Ba Ta Ƙulla Ciniki

Duk wanda ya saba cin kasuwar Ɗan Issa, ko ta Jibiya, ko ta Illela, ya san cewa idan mai kaya ya buɗe baki ya ce "na sallama" a gaban shaidu, to ciniki ya faɗa ke nan. Wanda ya janye bayan haka ya zubar da mutuncinsa, kuma da wuya a sāke ba shi amana. To amma a Ingila, mutum zai iya sallama maka gida yau, ku yi musafaha, ka kashe kuɗi wajen lauya, bayan wata biyu wani ya zo ya yi ƙari a kan tayinka a ba shi, kuma babu kotun da za ta saurari ƙararka. Ganin cewa wasu daga cikin masu karatu suna da ƴaƴa ko ƙanne da ke karatu ko aiki a can, waɗanda wata rana za su iya neman a tallafa musu su mallaki muhalli, ya sa muka ga ya dace mu leƙa ƙauyukan ƙasar mu ga yadda abin yake.

Ƙauyukan da fatauci ya gina

Bari mu ɗauki yankin Cotswolds, wanda ke yamma da birnin Landan, tafiyar kamar awa 2 a mota. Yanki ne mai tuddai da gidajen dutse masu launin zuma, kuma tun 1966 gwamnati ta sa shi cikin wuraren da doka ke kāre kyansu. Abin da zai ba ɗan kasuwa sha'awa shi ne fatauci ne ya gina shi. Shekaru 600 da suka wuce, ulun tumakin yankin na cikin mafi daraja a Turai, fatake suna saye suna ƙetarawa da shi teku. Da ribar ulun aka gina manyan majami'u da gidajen da ake rububinsu a yau. A garin Chipping Campden har yanzu gidan wani attajirin ulu mai suna William Grevel, wanda ya rasu a 1401, yana nan tsaye, haka ma rumfar kasuwar da aka gina a 1627. Ita kalmar Chipping ɗin ma kasuwa take nufi a tsohon Ingilishi. A ƙauyen Bibury kuwa, jerin gidajen nan da masu yawon buɗe ido ke tururuwar ɗaukar hotonsu asalinsu ma'ajiyar ulu ce ta wajen 1380, daga baya aka mayar da ita ɗakunan masaƙa.

Wato dai gidajen da talakawa masaƙa da leburorin gona suka zauna a ciki jiya, su ne yau sai mai hannu da shuni. A 2025 matsakaicin kuɗin gida a gundumar Cotswold ya haura fam 400,000, wato kimanin sefa miliyan 300. Wani abin mamaki kuma, rufin ciyawa, wanda a wajenmu mutum ke ɗokin ya rabu da shi ya sa kwano, a ƙauyukan Ingila abin alfahari ne. Sai dai yana cin kuɗi, domin masu sana'ar ba su da yawa, ana sabunta ƙololuwar rufin duk bayan shekara 10 zuwa 15, kuma kamfanonin inshora suna tsawwala kuɗi saboda tsoron gobara.

Yadda cinikin ke gudana

Mai gida yakan damƙa shi ga dillali, kuma shi mai gidan ne ke biyan la'ada, saboda haka mai saye ya san cewa dillalin ba nasa ba ne. Idan an karɓi tayi, kowane ɓangare sai ya ɗauki lauyansa. Lauyan mai saye zai binciki rajistar hukumar filaye, wadda aka kafa tun 1862, ya tabbatar da mai gidan da iyakokinsa, ya kuma tambayi ƙaramar hukuma ko akwai shirin fitar da hanya ko hatsarin ambaliya a wurin. Mai saye kuma zai biya ƙwararre ya duba lafiyar ginin, musamman danshi da ruɓewar katako, waɗanda su ne ciwon tsofaffin gidaje.

Duk wannan yakan ci wata 3 zuwa 5, kuma a tsawon lokacin babu wanda ya ɗaure wani, domin dokar 1989 ta ce cinikin ƙasa ko gida ba ya tabbata sai a rubuce da sa hannu. Sai ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100, sannan ciniki ya ƙullu. Daga nan wanda ya fasa shi ke da asara. Sau da yawa kuma wanda zai sayar maka yana jiran ya sayi wani gidan ne, shi ma wancan yana jiran wani, idan mutum ɗaya ya janye sai sarƙar duka ta tsinke.

Sai kuma haraji. Bisa tsarin da ya fara aiki a watan Afrilu na 2025, wanda ya sayar da gidan zamansa ya sayi na fam 400,000 zai biya harajin fam 10,000. Idan kuwa yana da wani gida mai daraja a ko'ina cikin duniya, ko da a Maraɗi ne ko Katsina, za a ƙara masa kashi 5 cikin 100, wato fam 20,000. Idan kuma ba mazaunin Birtaniya ba ne, akwai ƙarin kashi 2, wato fam 8,000. Jimla fam 38,000 ke nan tun bai sa ƙafa a zaure ba. Haka nan doka ta tilasta wa lauya ya nemi takardun da ke nuna asalin kuɗin, wanda hakan babban ƙalubale ne ga ɗan kasuwar da harkarsa duka ta hannu da hannu ce. Kada kuma wani ya ruɗe ka: mallakar gida ba ta ba mutum izinin zama a ƙasar, kuma tun 2022 aka rufe bizar masu zuba jari. Ga mai gudun kuɗin ruwa, akwai tsarin da banki ke yin tarayya da mutum a gidan, yana biyan haya yana sayen kason bankin sannu a hankali. A 2003 gwamnati ta cire harajin da ake biya sau biyu a irin wannan ciniki, a 2004 kuma aka buɗe bankin Musulunci na farko a ƙasar.

Gidanka ne, amma da sauran magana

Wanda ya karɓi mabuɗi zai ɗauka ya gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Tun daga dokar tsara gine-gine ta 1947, ba a gina sabon gida ko yin babban ƙari sai da izini, kuma maƙwabta suna da damar rubuta ƙorafi. Akwai kuma gine-gine fiye da 370,000 a Ingila da aka sa cikin jerin kayan tarihi, kusan duk ginin da ya girmi shekarar 1700 yana ciki. A irin wannan gida, canza taga ko rushe bangon ɗaki ba da izini ba laifi ne da ka iya kai mutum kurkuku, kuma idan wanda ya sayar maka ne ya yi ɓarnar, kai za a iya tilasta wa gyarawa. A unguwannin da aka keɓe don tarihi, ko itace za ka sare a farfajiyarka sai ka ba hukuma sanarwar mako 6. Akwai kuma hanyoyin ƙafa na jama'a, kamar burtali a wajenmu, da ke ratsa gonaki har da farfajiyar wasu gidaje, kuma mai gida ba shi da ikon toshe su.

Zaman kansa ma sai da shiri. Ƙauyuka da yawa bututun gas bai kai gare su ba, sai dai a sayi man ɗumama ɗaki a tanki, ga hunturu mai tsawo da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4. An rufe tashoshin jirgin ƙasa na karkara da yawa bayan rahoton Beeching na 1963, motocin safa kuma ba su da yawa, don haka marar mota ya zama fursuna. Musulmin da ya zauna a Cotswolds sai ya tafi birane irin su Gloucester ko Oxford kafin ya sami Juma'a da naman halal. Mutanen ƙauyen suna da fara'a da gaisuwa, amma ba a faɗa wa gidan mutum ba da sanarwa ba, kuma baƙo ba ya zama ɗan gari sai ya shiga aikin gayya na majalisar ƙauye, ko makaranta, ko bikin shekara.

Ƴan gari sun zama ƴan kallo

Waɗanda abin ya fi shafa su ne ƴaƴan ƙauyen kansu. Kuɗin gida a Cotswold ya ninka albashin shekara na matsakaicin ma'aikaci fiye da sau 10. Gidajen hukuma masu araha an sayar da su da yawa bayan dokar 1980, ba a kuma maye gurbinsu ba. Annobar korona ta 2020 ta ƙara dagula lamarin, yayin da ma'aikatan birni suka gane za su iya aiki daga gida ta intanet, suka kwararo karkara da kuɗinsu. Wasu gidajen ba a kwana cikinsu sai ƙarshen mako. Idan matasa suka tashi, sai makaranta ta rasa yara, kanti da gidan waya su rasa masu ciniki, a rufe. Shi ya sa a 2016 mutanen garin St Ives suka ƙada ƙuri'a cewa sabon gida sai ga wanda zai zauna a ciki, kuma daga 2025 aka ba ƙananan hukumomi ikon ninka harajin gida na biyu.

Saboda haka, duk wanda ɗansa ko ƙanensa ya bugo waya daga can ya ce an sallama masa gida a aiko da kuɗi, to ya fara tambayarsa abu uku: an yi musayar takardu, ginin yana cikin jerin kayan tarihi, kuma nawa ne harajin? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu muhalli mai albarka, amin.