Leza a ido: abubuwan mamaki daga ƙashin talotalo zuwa layin asibitin Kano

Aikin da ake yi da hasken leza don mutum ya ajiye tabarau ko kaɗan ba ya shiga cikin ido. Tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido shi kaɗai ake sassaƙa, kaurinsa kuwa da ƙyar ya ɗara rabin milimita. Duk da haka shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. In ya cika tudu, ko ƙwayar idon ta cika tsawo, sai abin da ke nesa ya koma dishi-dishi. Leza ta ɗan rage tudun, magana ta ƙare. Babu jijiyar jini ko ɗaya a jikinsa, daga iskar waje yake samun numfashi ta cikin ruwan hawaye.

Ido biyu ake yi wa mutum aikin. A ɗiga maganin kashe zafi, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido, likita ya ce, "Malam, kalli hasken nan, kada ka motsa." Sau da yawa sassaƙar ba ta kai minti ɗaya a kowane ido, kuma kowace walƙiya na ɗauke kusan kashi ɗaya cikin 4,000 na milimita. Abin da ke ba mutane tsoro ba zafi ba ne, ƙauri ne: wani ɗan wari ke tashi kamar ana babbakar kai da ƙafa ranar Layya, alhali idonka ne.

Kafin leza, da wuƙa ake yi. José Barraquer, likita ɗan Sifen da ya zauna a Bogota ta Kolombiya, a shekarun 1960 yakan yanko gaban tantanin, ya daskarar da shi ya zama ƙanƙara, ya goge shi a inji, sannan ya mayar ya ɗinke. Svyatoslav Fyodorov na Rasha kuwa, daga 1974, tsaga yake yi kewaye da tsakiyar tantanin don ya kwanta. Da mutane suka yi masa yawa sai ya ɗora su a gadaje masu tafiya, kowane likita ya yi nasa ɓangaren, gado ya wuce gaba. Mutumin har takarar shugabancin Rasha ya yi a 1996, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 2000. Wannan tsaga tasa tana da aibi da ba a zata ba: wani likitan Amurka, Beck Weathers, da aka yi wa irinta, ya hau Dutsen Everest a watan Mayun 1996, iska ta yi ƙaranci a can sama, ganinsa ya ɗauke. Ya tsira da rai, amma sanyi ya ci hannunsa da hancinsa.

Lezar da ake amfani da ita yau ba don ido aka ƙera ta ba. A kamfanin IBM, kayan cikin kwamfuta ake nufin sassaƙawa da ita. A watan Nuwamban 1981 Rangaswamy Srinivasan ya zo ofis da ragowar talotalon da suka ci a gida, shi da abokan aikinsa James Wynne da Samuel Blum suka haska ta a guringuntsin, suka ga ta yanke tsaf ba ta ƙona gefe ba. Har zane suka yi da ita a jikin silin gashi. Daga nan likitoci suka ɗauka: a 1988 Marguerite McDonald ta yi wa ido mai gani aikin a New Orleans, sannan Ioannis Pallikaris na tsibirin Kirit a Girka ya haɗa salon ɗaga murfi a sassaƙa ƙarƙashinsa, wanda ake kira LASIK.

Wani ci gaban ma tsautsayi ne ya kawo shi. A 1993 hasken leza ya faɗa idon wani ɗalibi a Jami'ar Michigan. Likitan da ya duba shi ya yi mamakin yadda raunin ya fita daidai wa daida, aka mayar da irin wannan lezar abin yanka murfin. Mai ɗakin binciken, Gérard Mourou, ya raba kyautar Nobel ta 2018.

Wanda ya fi burge ni shi ne Bajamushe Gerhard Meyer-Schwickerath. Ya ga yadda kallon husufin rana ya ƙona bayan idon mutane, ya ce to ai ƙuna na iya zama magani. A 1949 da hasken rana tsagwaronta, wanda madubi ke tarowa daga saman rufin asibiti a Hamburg, ya riƙa liƙe ɓarakar bangon bayan ido. Ranar hadari babu aiki. Da a Faskari yake cikin watan Maris, da ranar ce za ta gajiyar da shi.

To, mu dawo gida. Manomin Ruwan Godiya da ganinsa ya ragu, in ya bi ta Funtuwa ya nufi asibitin ido na ECWA a Sabon Garin Kano, wanda ke aiki tun 1943, ko Asibitin Makka, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, galibi ba aikin LASIK ne ya kai shi ba, ko da ya ce "na leza nake so, ba na son wuƙa." LASIK a Najeriya ta asibitocin kuɗi ce, akasari a Legas da Abuja, masu hali kuma su tafi Indiya ko Masar ko Dubai. Kuma ba ta cire yana. Binciken makanta da aka yi a faɗin ƙasar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Yanar ido ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido ke biye. Abin takaicin, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin 100 aikin gargajiya ne, na tura yanar baya da tsinke. Rage gani na tsaka-tsaki kuwa, fiye da rabinsa tabarau kaɗai zai gyara.

Ko mai kuɗi a hannu ana iya mayar da shi. Wanda bai kai 18 ba, da wanda lambar tabaransa ke ta canzawa, da mai juna biyu ko shayarwa, duk jira za su yi. Yaron da ya taso yana murzar ido saboda ƙaiƙayi, irin waɗanda farin idonsu ya yi ƙasa-ƙasa, tantaninsa na iya sirancewa ya yi tsini, leza ta haramta a kansa. Wanda aka yi wa kuma kan yi fama da bushewar ido na watanni, wasu su riƙa ganin fitilar mota ta yi zobe da dare. Ka auna wannan da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka. Kwalli ma sai an ɗan ajiye shi, a yi alwala da taka-tsantsan a makon farko. Kuma in shekara ta haura 40, rubutun allo da na waya sai sun nemi tabaran karatu, domin wannan tsufan madubin cikin ido ne, inda lezar LASIK ba ta je ba.

Inda leza ke yi wa talakan Kankara da Sabuwa rana daban ne. Da ita ake ƙona wasu sassan bayan ido don jijiyoyin da ciwon suga ko sikila suka tsirar su janye kafin su zubar da jini, da ita ake buɗe wa ruwan ido hanya a wasu masu hawan jinin ido. Sai kuma tsohon da aka cire wa yana, bayan shekara biyu ko uku ya dawo yana cewa "likita, yanar ta dawo." Yana ba ta dawowa, jakar da aka zaunar da madubin roba a ciki ce ta yi hazo. A zaune, haɓa a kan na'ura, ake huda ta da leza cikin 'yan mintuna, ba yanka ba ɗinki, a ranar ya hau mota ya koma.